Tayin da Ya Tona Kurege

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta.

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, yunwa ta matsa wa Kurege har haƙarƙarinsa suka fito. Ya ji labarin wata kasuwa a hayin babban kogi, a ƙasar manyan dawa, sai ya ɗare kan kututture ya ƙetare. Ko anini babu a jikinsa, harshen ƙasar kuwa ko gaisuwa bai iya ba.

"Ni ne Kurege," in ji shi, "na shiga kasuwa da iska, in fito da tumbi!"

Ya tarar da Giwa ta baje gyaɗa a gindin kuka. Da nuni da yatsa, yana ta zuba Hausa, ya fahimtar da ita cewa buhu guda zai saya, amma a ƙasar Hausa gyara ake fara bayarwa, don a ga hannun mai kaya. Giwa ba ta taɓa jin haka ba, to amma buhu ba wasa ba ne. Ta dumbuza masa, dumbuzar Giwa kuwa kun sani. Ya zauna ya cinye tas, ya yamutsa fuska, wai gyaɗar ta sha iska, ya yi gaba. Sai bayan la'asar Giwa ta gane an yi mata. Ta rantse in ta sake ganin Bahaushen nan sai ta mai da shi tabarma.

Da gari ya waye, Kurege ya shafe jikinsa da toka, ya naɗe jela a ciki ta zama teɓa, ya tsinci ɓawon kwakwa a juji ya kifa a ka. Ga attajiri daga bakin teku. Har yare ya ƙirƙiro. Ya tsaya gaban Dorina mai dabino ya ce, "Gulungu, gulungu!" Dorina ta rasa me ake nufi, ta yi ta buɗe masa kwanduna yana ɗanɗanawa, yana girgiza kai, har ya ƙoshi.

"Giwa na nemana, ni ina cin dabino a bayan kunnenta!" ya ce wa kansa.

Da gari ya sake wayewa, yana cikin shigar attajiri, ƙamshin kilishi ya ja shi rumfar Kura, daf da inda Giwa ke zaune. Abin da bai sani ba, Kura 'yar ƙasarsu ce, fatauci ya kawo ta ta zauna. Ta dubi yadda attajirin ke yagar kilishi, ta ce a ranta wannan cin na gida ne.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya mutanen gida?" ta ce da Hausa.

"Gulungu," in ji Kurege.

"Amma dai kai ɓarawo ne, ɗan ɓarawo."

Abin ya yi masa zafi, amma ya haɗiye. "Gulungu."

Kura ta dube shi sama da ƙasa. Can ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa ɓawon da ke kansa, ta taɓe baki.

"Wannan hular, na taya ta ƙwayar gyaɗa ɗaya."

"Albarka!" in ji Kurege.

Bakin ya riga kan. Gaisuwa ya haɗiye, zagin uba ya haɗiye, amma a taya masa kaya tayin wulaƙanci ya yi shiru, wannan jininsa bai iya ba. Giwa ba ta jin Hausa, amma ta san muryar.

Ta sure shi da hanci ta maka da ƙasa, toka ta tashi, teɓa ta warware ta koma jela. Dorina ta kawo kwando ta ƙara masa. Da ƙyar ya sulale ta tsakanin ƙafafunsu, ya faɗa kogi, ya kama kututturensa, ido ɗaya a kumbure, ɓawon kwakwa na nan a ka.

Sai da ya kai tsakiyar ruwa ya juyo, ya gyara zaman hula, ya ɗaga murya.

"Inna Kura! Ko biyu kika ce, ban sallama ba!"

Ƙurunƙus, iyakarta ke nan.