Makullin Shagon Bakin Kududdufi

Ku gyara zama. Yau da abin gardama na zo, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A tsakiyar wani birni akwai tsohon kududdufi da magina tukwane suka haƙa garin ɗibar yumɓu. Ruwan saman unguwa biyar nan yake taruwa, in ya cika ya bi wata tsohuwar magudana ya fice bayan gari. A bakinsa, inda ƙasa ta fi gangara, gidan Baba Jatau yake, tsohon da ƙafa ta daina ɗaukarsa. 'Ya'yansa uku: Ladidi, Tanimu da Barau.

Sai hukuma ta ce za a sabunta tsakiyar gari, a cike kududdufin, a kafa benen shaguna da wurin ajiye motoci. Baba Jatau ya ce, "To, shi ruwan fa, an nema masa wani gidan?" Aka yi dariya, aka ce tsufa ne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, 'ya'yansa duka da hannunsu a ciki. Ladidi ce ta zana taswirar aikin a ofishin tsara birni. Ta ga magudanar a wata tsohuwar takarda, ta yi shiru don kada a ce ta cika iyayi. Tanimu direban katafila ne, shi ya tura ƙasar da ta binne bakin magudanar. Barau kuwa ruwan leda yake sayarwa, kuma shekara goma a kududdufin yake zubar da ledojinsa.

An cike rabi ke nan damina ta kankama. Wata Talata da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya zo gidansa na gado ya tarar an yi rabo ba da shi ba, sai ya faɗa na Baba Jatau. Zaure ya rufta ya toshe ƙofa, tsoho na ɗaki a kan gado, ruwa ya kai masa ƙirji.

Ladidi ta fito da takardar nan a ƙunshe cikin mayafi, ta auna taku arba'in daga gindin wata tsamiya, ta ce nan bakin magudanar yake. Ta faɗa a gaban manyanta na ofis, kowa ya gane ta daɗe da sani. Ba don ita ba, da sai a wuni ana haƙa a banza.

Tanimu ya hau katafila ba izinin kowa, ya kwashe ƙasar da aka yi wata biyu ana zubawa, har da kusurwar sabon gini. A ranar aka sallame shi. Ba don shi ba, shebur ɗari ba su isa ba.

Baki ya buɗe, amma ruwa ya ƙi tafiya, leda ta cushe ciki. Barau ya ɗaura igiya a ƙugu ya nutsa, sau bakwai yana fitowa da ƙunshi. A na ƙarshe ruwa ya ɓalle ya maka shi da dutse, har yau ɗingishi yake. Ba don shi ba, da taswira da katafila sun tashi a tutar babu.

Kafin azahar ruwa ya janye, aka fito da tsoho yana rawar sanyi, da ransa.

Hukuma ta ji kunya ta bar sauran kududdufin, ta kuma ba Baba Jatau shago ɗaya a sabon benen. Ya tara su ukun, ya ce, "Ku kuka tura mini ruwa, ku kuka janye shi. Ni ba ciniki zan yi ba, shagon na ɗayanku ne. Amma wallahi na rasa wa zan miƙa wa."

Har yanzu makullin na aljihunsa. To, ku da ke zaune nan, hannun wa ya kamata ya saka shi?