Motar da Alasan Ya Hana a Ɗauki Hotonta

Akwai wani bakanike mai suna Alasan, mutumin Damagaram, da ke zaune a unguwar Stains a gefen Paris. Shekara ashirin ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Ya gyara ta likita, ya gyara ta ɗan tasi, amma burinsa ɗaya ne: ya haɗa tasa motar da hannunsa, tun daga ƙarfen farko har fitilar ƙarshe.

Da ya samu hali sai ya sayo kayan daga wani ƙaramin kamfani a Ingila. Irin motocin nan ne da ake aiko maka a wargaje cikin akwatuna, da littafin bayani, kai ka zauna ka haɗa abinka. 'Yar ƙarama ce, kujera biyu, babu rufi, sitiyarinta a hannun dama irin na can.

Matarsa Nuriyya da ta ga akwatunan sai ta riƙe haɓa. "Mu biyar ne a gidan nan, Alasan. Sauran ukun a guje za su riƙa bin ka?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Ya kama hayar garaji a ƙasan benensu, ya kafa doka ɗaya: ba mai ɗaukar hoto. Kun dai san halinmu. In muka fara abu sai mu lulluɓe shi kamar na sata, don tsoron bakin mutane. To Alasan ya fi kowa. Ya yi imani in hoton motar nan ya shiga wayoyi, baki zai kama aikin. Ko 'ya'yansa sai sun bar waya a sama kafin su leƙo.

Wata Asabar da safe yana cikin aiki, sai ya ji sallama. Wani dattijo ne maƙwabcinsu daga hawa na uku, Baba Sa'idu, mutumin Tawa, tsohon direban babbar mota. Wata biyu ke nan da rasuwar matarsa, kuma 'yarsa tilo, Latifa, tana aikin jinya can nesa a garin Lyon.

"Sannu da aiki, makaniki. Mi kaka haɗawa haka? Mota ko amalanke?"

Alasan ya ji haushi, amma da ya ɗago ya ga yadda riga ta yi wa tsohon yawa, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya jawo kujerar roba ya goge ta da hannu.

"Bismilla, Baba. Zauna ka ga yadda amalanke ke zama mota."

Daga ranar, duk Asabar da Lahadi, Baba Sa'idu na kan kujerar nan. Kuma ba shiru yake yi ba! Kowane noti sai ya ce bai ɗauru ba. Kowace waya sai ya ce ba nan take bi ba. Birki kuwa ba a magana, domin shi a ganinsa ba a haifi ɗan zamanin da ya iya haɗa birki ba. Aikin awa ɗaya sai ya ci uku. Sau da yawa Alasan kan hau sama da ciwon kai, amma bai taɓa janye kujerar ba. Har shayi yake dafa masa.

Rannan yana tsugune yana ɗaura bututun birki, sai ya ji ƙyas a bayansa. Ya waiwaya ya ga waya a hannun tsohon.

"Baba! Me nake gani haka? 'Ya'yan cikina ma na hana su!"

Tsohon ya sauke wayar a hankali.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ɗiyata ta sa ni. Ta ce in riƙa aika mata hoton inda nike, don ta san na fita, ban kulle kaina ba. Ni ko ba ni da wurin zuwa sai nan. In na aika mata bangon ɗaki, kuka take yi."

Alasan ya tsaya da sifana a hannu. Tsoro na ce masa ya sa a goge hoton yanzu yanzu, tausayi na ce masa ya bar bawan Allah.

"To, ita kaɗai. Kar ya wuce ta."

"Ita ɗai, wallahi."

Haka suka yi shekara uku. Gabansa na faɗuwa duk lokacin da ya ji ƙyas, amma bai sake cewa uffan ba.

Bayan an ɗora gangar jikin motar an manne ta, Baba Sa'idu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Latifa ta zo ta tafi da shi Lyon. A watan farko Alasan ya kira sau huɗu. A na biyu sau ɗaya. Daga nan sai "gobe zan kira", har shekara ta zagayo. Nan kam ya yi laifi, kuma shi ma ya san ya yi.

Ya gama motar a shekara ta huɗu. Ja ce, tana ƙyalli. Sai dai mota ba ta hawa titi sai da takarda, kuma a nan wahalar ta fara.

A ofishin rajista wata mata ta duba takardunsa ta girgiza kai. Ta ce motar ba ta da shaidar masana'anta, kamfanin da ya sayar da kayan ma ya rufe. Shawararta ita ce ya kai ta ƙasar da kayan suka fito, a gwada ta a can, in ta ci ya dawo da takardarsu a duba.

Alasan ba ya jin Ingilishi, sai ya nemi Emmanuel, wani injiniya ɗan Jos da ke unguwar Saint-Denis, wanda yake yi wa gyaran mota. Emmanuel ya cike takardu, aka ba su rana nan da sati uku. Yana karanta amsar da aka aiko, sai ya tsaya.

"Oga Alasan, sun ce ka zo da hotuna."

"Na me?"

"Na aikin, tun daga farko. Suna so su ga kai ka haɗa ta, kuma su ga abin da jiki ya rufe. Bututun birki, tankin mai, wurin da ka ɗaure bel ɗin kujera. In babu hoto, sai ka cire jikin su gani da idonsu."

Alasan ya nemi wuri ya zauna. Jikin nan manne yake da gam mai ƙarfi. In aka ɓamɓare shi tsagewa zai yi, kuma babu inda zai samu wani tunda kamfanin ya rufe. Ko ya bar ta a garaji har abada, ko ya fasa ta da hannunsa.

"Shekara huɗu ba ka da ko ɗaya?" in ji Emmanuel.

"Ni na hana. Saboda baki."

Emmanuel ya fara dariya, ya ga fuskar mutumin, ya haɗiye ta. "Mamana ma haka take," ya ce.

A gida ya kasa cin abinci. Nuriyya ta zuba masa ido, can ta ce, "Baba Sa'idu fa?"

"Na tuna. Amma da wane ido? Shekara guda ban kira ba, sai yau da buƙata ta kama ni? Kuma hoton tsoho, ƙila duk butar shayi ya ɗauka."

"To ka bar zancen hoto. Gaisuwar da ke kanka fa, ita ma kamfaninta ya rufe?"

Ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, da dabino da kilishi a jaka. Ya ƙudura a ransa gaisuwa kawai zai yi ya dawo.

Latifa ta buɗe masa ƙofa da fara'a. Baba Sa'idu na kan keken marasa lafiya a bakin taga, ya rame, bakinsa ya karkace. Alasan ya durƙusa ya kama hannunsa, ya fara jero gaisuwa. Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da kalma ɗaya.

"Mota?"

Nan Alasan ya kasa riƙe hawaye. Ya faɗi gaskiya duka: cewa ya gama, cewa an hana ta hawa titi, cewa hotuna ake nema, kuma cewa kunya ta kusa hana shi zuwa don ya san bai kyauta ba.

Latifa ta shiga ɗaki ta fito da kwamfuta, ta buɗe wata ma'ajiya da ta sa wa suna "Baba yana lafiya". Hotuna sun fi dubu, kowanne da ranarsa.

Ga Alasan yana buɗe akwatin farko bayan zuwan tsohon. Ga shi yana ɗora inji. Ga tankin mai, ga wurin bel. Birki kuwa, babu bututun da ba a ɗauka ta gaba da ta baya ba. Ashe tsohon direba bai yarda da birkin nan ba ko kaɗan, shi ya sa yake ɗaukarsa kusa kusa yana kai ƙara wurin 'yarsa. Ta kunna masa wani tsohon saƙon murya, sai ga Baba Sa'idu garau: "Latifa, dubi yadda yaron ga ya ɗaura birki. Allah dai shi kyauta!"

Alasan na kuka yana dariya. Tsohon ma kafaɗarsa na girgiza.

"Tonton," in ji Latifa, wato kawu da Faransanci, "ba ka san abin da ka yi mini ba. Bayan rasuwar mama, baba ya daina cin abinci. Ina nan ina aiki, raina yana Paris. Duk Asabar da Lahadi in na ga hoton garajin nan, sai in san ya yi wanka, ya sauko, ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ban goge ko ɗaya ba. Ka ɗauki duka, ka haɗa da takardunka ka kai musu."

Aka ɗora motar a tirela, shi da Emmanuel suka tsallaka da ita Ingila. Mai binciken ya daɗe a kan hotunan, ya gwada birki, ya sa aka canza madubi ɗaya, sannan ya sa hannu. Ba wanda ya taɓa jikin motar. Da suka dawo Faransa kuma aka sake sabon zama: a canza fitilu, a kawo fassara, a dawo wata mai zuwa. Wata takwas Alasan na jele, bai yi fushi ba, kuma duk Juma'a sai ya kira Lyon ya ba da rahoto.

Ranar da takardar ta iso, ya ce wa Nuriyya ta shirya su zaga gari. Ta ce, "Kujerar nan tana da mai ita. Ka kai masa, ni na jira."

Ya tuƙa daga Paris har Lyon da kujera ɗaya babu kowa.

Shi da Latifa suka ɗaga tsohon suka zaunar da shi, suka ɗaura masa bel. Da yake sitiyarin a dama yake, sai Baba Sa'idu ya samu kansa a hagu, wurin da ya zauna shekara talatin yana jan babbar mota. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya riƙe iska kamar sitiyari. Mutanen da ke wucewa suka ɗauka shi ne direban, har wani ya ɗaga masa hannu.

Suka ɗan taɓa tafiya a bakin kogi. Can tsohon ya ce, "Taka."

Alasan ya taka birki. Mota ta tsaya cak.

Baba Sa'idu ya gyaɗa kai. "Ba laihi."

Da suka dawo ƙofar gida, Latifa ta ɗaga waya, sai kuma ta tsaya tana kallon Alasan.

"Tonton, an yarda?"

"Ɗauka, 'yata. Hoto dubu ya yi mini, babu shi a ko ɗaya."

Ta ɗauka. Alasan da kansa ya tura hoton Damagaram, ya tura Tawa, ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa. A ƙasa ya rubuta: "Ni da wanda muka haɗa ta."

Darasi: Alasan ya ɓoye aikinsa don tsoron idon mutane, amma idon tsohon da ya tausaya wa ne ya ceci aikin. Kar tsoro ya sa ka rufe ƙofa ga mai kaɗaici, kuma kar ka jira sai buƙata ta taso kafin ka gaida wanda ya zauna da kai. In akwai dattijon da ka daɗe ba ka kira ba, kira shi yau, sannan ka tura wa 'yan uwa labarin nan su ma su tuna da nasu.