Shafin da Armand Ya Hura Wuta da Shi

Ranar Talata ce, tsakiyar watan Janairu. Dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana zuba, da safe ta tsaya, sanyi ya sauko. A ranar ce Armand Pelkey ya buga mini ƙofa.

Armand mijin ƙanwata ne, Allah ya jiƙan ta. Shekara hamsin ya yi yana ɗana tarko a dajinmu na arewa, kusa da iyakar Kanada. Ban taɓa ganin wanda ya san ruwa da sawu kamarsa ba. Zai dubi madatsar da biba, dabbobin ruwan nan da ake kamawa don fatarsu, suka yi da itace a rafi, ya faɗa maka ko nawa ne a ƙarƙashin ƙanƙara, a kuma same su haka. Aibinsa ɗaya ne, ba ya tambaya.

Kowace kaka hukumar daji ta jiharmu tana fitar da ɗan littafin doka. Idan ka sayi lasisi a kantin Doris, sai ta haɗa maka da shi. Armand yakan karɓa, ya taka zuwa murhun da ke tsakiyar kantin, ya yage shafukan farko ya cusa a wuta, mutane suna dariya. Yakan ce takardar gwamnati ba abin da ta iya sai kama wuta. Shafukan nan kuwa su ne inda doka take bayyana abin da take nufi da kowace kalma da ta yi amfani da ita.

Na san abin da masu dariyar ba su sani ba. Karatun Armand bai wuce sunansa da lambobi ba. Ni aji huɗu na yi, ina harhaɗawa a hankali, shi ya sa yake kira na Lauya. Da ya ce in karanta masa, da na karanta. Bai taɓa cewa ba. Ni ma ban taɓa yi masa tayi ba, don kada in kunyata shi.

Shekarar da ta gabaci wannan, an matso da ranar rufe kamun biba da mako biyu. Yana cikin littafin. Armand ya bar tarkunansa a ruwa har tsohuwar ranar, malamin daji Haskell ya same su. Kotu ta karɓe lasisinsa na shekara guda, aka ba shi takarda mai shafi uku da ta faɗi abin da aka hana shi. Ya ninke ta ya tokare ƙafar teburinsa da ita.

Sai layin tarkon, wato hanyar da yake bi yana ɗana tarkunansa, ya koma hannun Noella, 'yarsa tilo. Tana da shekara talatin da huɗu a lokacin, da lasisi biyu, na tarko da na jagora. Na jagoran ne rayuwarta. Sau biyu ta zauna jarrabawa kafin ta same shi. Da shi take kai baƙin birni kamun kifi da bazara, ta kai su farautar barewa da kaka. Kwalekwale huɗu gare ta da bukka a bakin tafki. Sa'o'inta duk sun tafi kudu neman aiki, ita kaɗai ta zauna, kuma lasisin nan ne ya zaunar da ita. Ta san doka. A gabana ta ce wa ubanta bana ko igiyar tarko kada ya taɓa. Ya ce ya ji.

Ranar Lahadi ta hau rufin ɗaki tana ture dusar ƙanƙara, ta zamo, ƙafa ta karye gida biyu. Aka kai ta asibiti a babban gari, mil sittin daga nan. Tarkunanta ashirin da shida suna ɗane a Rafin Tibo, doka kuma ta hana a bar tarko kwanaki ba a duba ba.

Abin da ya kawo Armand ke nan ranar Talata. Ya shigo bai karkaɗe takalmi ba, ya ce in kai shi ƙarshen hanyar masu katako a kan babur ɗina na ƙanƙara. Na ce masa a'a. Na ce ina da lasisi, a kira Noella ta ba da izini, a sanar da Haskell, ni in je in kwashe tarkunan. Na ce kamar na taɓa ganin haka a littafin.

"Kai za ka taka layin Pelkey?" in ji shi. "Ƙanwarka na aura, Lauya, ba kai ba."

A nan sai na yi bayani kaɗan. A wurinmu layin tarko sirrin gida ne. Mutum zai ba ka aron bindigarsa, ya ba ka abincinsa, amma ba zai nuna maka inda yake ɗana tarko ba. Kakan Armand ne ya sari layin nan, kuma bare bai taɓa bin sa ba. Akwai wata al'adar kuma: idan mai layi ya kwanta ciwo, jininsa ne ke bi masa, don kada dabba ta ruɓe a tarko. Haka muka taso muka gani. Da wannan ya kama ni.

"Sunan wa ke jikin tarkon? Na Noella. Fatar ta wa? Tata. An ce kada in ɗana tarko, to ban ɗana ba. Dubawa kawai zan yi wa 'yata. Ko yanzu gwamnati ta hana uba ya taimaki 'yarsa?"

Na ce bari in nemo littafin mu duba. Ya ce idan ina tsoro ne in faɗa, zai tafi a ƙafa. Mil tara ne, ga shi da shekara saba'in da ɗaya da ciwon ƙirji. Na ɗauki makulli.

Na kai shi gadar da ke ƙarshen hanyar, na juya baya, na zauna ina shan kofi har ya dawo. Sau uku muka yi haka cikin kwana tara. Ya kawo biba bakwai da karen ruwa biyu, ya feɗe su, ya shimfiɗa fatun a kan alluna a rumfar Noella. Aikin hannunsa ba shi da aibu. Ya ce zai yi mata bazata.

Ita kuwa ya gaya mata ta waya cewa kawunta ya ɗauki nauyin komai. Ta kira ni daga gadon asibiti ta tambaya. "Kawu, an gyara maganar tarkunan? Haskell ya sani?" Na ce mata an gyara, ta kwantar da hankalinta. Kalma biyu ce, har yau ina ɗauke da su.

Armand yana da faifan taka dusar ƙanƙara na itace da ya gada, irin wanda ake ɗaurawa a ƙafa don kada mutum ya nutse. Na hagun ya taɓa karyewa, ya ɗaure shi da waya, duk inda ya taka sai ya bar ɗan gicciye. Duk gundumar nan ba wanda bai san sawun ba. Haskell ya bi rafin yana zagayen aikinsa, ya ga gicciyen a bakin kowane ramin da aka fasa a ƙanƙara don tarko.

Kwana ɗaya da dawowar Noella gida Haskell ya zo, da la'asar. Ina nan, na kawo mata tukunyar wake. Haskell ba mugu ba ne. Armand ne ya koya masa bin sawu tun yana ƙarami. Ya cire hula, ya gaishe mu, ya ce yana son ya leƙa rumfa. Noella ta bi shi a kan sanduna. Da ta ga fatun, ta gane wuƙar ubanta. Ta juyo ta dube ni. Ban iya ɗaga kai ba.

Armand ya fara maganarsa ta ranar Talata, cewa bai ɗana ba, dubawa ya yi. Haskell ya bar shi ya gama, sannan ya zaro littafin daga aljihu, ya buɗe shafi na biyu ya karanta. A wurin doka, wanda ya kafa tarko, da wanda ya duba shi, da wanda ya ɗaga shi ko ya cire dabba, da wanda ya taimaka aka yi ɗaya daga cikin waɗannan, duk ɗana tarko suka yi.

"Tun yaushe?" in ji Armand.

Haskell ya ce, "Tun kafin a haife ni, Baba. Yana cikin takardar da kotu ta ba ka."

Daga nan ya juya ga Noella, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce hanya biyu ce, dole ya rubuta ɗaya. Idan ba ta sani ba, ita ba ta da laifi, lasisinta na nan. Amma sai a ƙara wa ubanta laifin taɓa tarkon wani ba da izini ba, wanda doka take ɗauka kamar sata, ga shi kuma ya yi shi cikin wa'adin da aka dakatar da shi. Wannan da wuya a ƙare ba gidan yari. Idan kuwa ita ta aike shi, laifin satar ya faɗi, amma ta zama wadda ta sa mutumin da aka dakatar ya yi mata aikin tarko. Jagora kuma ba a yi masa sassauci.

Na buɗe baki na ce ba ta sani ba, ni na yi mata ƙarya. Ta ce, "Kawu, ka riga ka yi taka maganar." Ta daɗe tana kallon ubanta yana tari a bakin ƙofa. Sannan ta ce wa Haskell ya rubuta ita ta aike shi.

Armand ya ce ƙarya ne, shi bai taɓa ɓuya a bayan mace ba, a kai shi duk inda za a kai shi.

"Baba," ta ce, "shekara hamsin kana magana muna ji. Yau ɗaya ka yi shiru."

Ya yi shiru. Haskell ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Na san bai yarda ba, amma abin da ta faɗa shi ya rubuta.

Aka shiga kotu a watan Maris. Ni aka karɓe lasisina na shekara guda don na kai shi gada, kuma na cancanta. Armand shekara biyar, wanda a shekarunsa ya zama na har abada. Noella shekara uku, lasisin biyu duka. Ba wanda ya kwana a gidan yari.

Baƙin da suka saba zuwa wurinta suka koma wurin wasu. Ba laifinsu, kifi ba ya jiran shekara uku. Ta sayar da kwalekwalen ɗaya bayan ɗaya, ta rufe bukkar. Kamfanin katako mai ƙasar ya ba wani mutumin gari na gaba izinin Rafin Tibo. Cikin sanyi ɗaya ya gano duk ramukan da Armand ya ƙi in gani. Sirrin da aka yi duk wannan dominsa bai kai shekara ba.

Noella ta tafi a watan Mayu, ranar da ƙanƙarar tafki ta gama narkewa. Ta samu aiki a wata masana'antar gwangwanin kifi a bakin teku. Na taya ta loda kaya. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, da ma ta yi. Ta gyara wa ubanta wuyan riga, ta nuna masa inda magungunansa suke. Ta ce da ni in riƙa leƙa shi, don ba zai taɓa cewa yana bukata ba. Motar ta tashi. Armand ya tsaya a bakin hanya har ƙarar ta ɓace, sannan ya shiga ɗaki. Ban bi shi ba.

Washegari da safe na hango shi yana tahowa a ƙafa cikin taɓo. Ya biya ta kantin Doris ya roƙi littafin, duk da ba shi da damar sayen lasisi. Ya karkaɗe takalmi a bakin ƙofata, ya zauna, ya ajiye shi a gabana.

"Karanta, Orrin. Daga farko. Ni ban iya ba."

Shekara arba'in ban ji ya kira sunana ba. Na sa tabarau na fara. Muka kai kusan azahar a shafukan da ya saba ƙonawa. A shafi na huɗu muka tarar da shi: mai tarkon da ciwo ya kwantar yana iya wakilta wani mai lasisi, idan an sanar da malamin daji. Layi uku ne kawai. Ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya sa yatsa a kan layukan, ya ce in ƙara.

Abin da zan faɗa wa mai karatu ba shi da yawa. Sanin daji daban, sanin doka daban, kuma doka ba ta tambayar abin da kai kake nufi da kalma, nata take bi. Idan ba ka sani ba, tambaya. Idan ba ka iya karatu ba, faɗa, kunyar ta minti ɗaya ce. Girman kai ba a kan mai shi kaɗai yake faɗuwa ba, yakan danne wanda ya fi son sa. Kai kuma da ka san gaskiya ka yi shiru don kada ka ɓata wa ɗan'uwa rai, ba ka rufa masa asiri ba, ka riƙe masa tsani ne ya hau. Ni na riƙe, na kuma ga wadda ta faɗo.