Ƙyallen da ke Bayan Batir

Akwai wata dattijuwa, malamar makaranta da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata. Mijinta ya rasu da rani, ya bar mata tsohuwar mota mai kafireta, wadda ta girmi babban ɗansu. Ba motar a zo a gani ba ce, amma shekara talatin ita ke kai Malama makaranta.

Damina na sauka motar ta soma rigima. Da safe in Malama ta tayar, sai injin ya kama kakkarwa, sitiyari na rawa a hannunta. Tana ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

Sau biyu babban ɗan nata yana zuwa da rana tsaka ya kai motar gareji. Na farko makanikai suka wanke kafireta, na biyu suka canza fulogi. Duk bakinsu ɗaya: lafiyarta ƙalau.

"Umma," in ji shi a hankali, "kin tabbata motar ce ke rawa?"

Da yamma ta jiyo shi a bakin ƙofa yana waya da ƙanwarsa: "Tun rasuwar Abba ta canza. Asabar mai sayen motar zai zo, daga nan mu kai ta wajen likita."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Abin da ya fi ciwo, ita ma ta fara shakkar kanta.

A ƙarshen layinsu akwai tsohon makaniki da ake kira Baba Sannu, saboda kafin ya kwance ƙusa ɗaya wani ya gama aski. Hannunsa ya soma rawa, masu mota sun guje shi. Wurinsa ta je.

Bai ko tashi daga bencinsa ba. Ya ce, "Yaushe take yi?"

"Da safe."

"Kowace safiya?"

Malama ta yi tunani. Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. "A'a. Sai in an kwana ana ruwa."

"Kuma da rana ake kai ta gareji?" Ya yi dariya. "Kun kai mara lafiya asibiti bayan zazzaɓin ya sauka. Kada kowa ya taɓa ta. Ranar da aka tashi da ruwa ina nan tafe."

Kwana huɗu babu ko ɗigon ruwa. Malama ta zama mai duban sama kamar manomi. Sai asubar Juma'a ruwa ya tsuge.

Gari na wayewa sai ga Baba Sannu da lema mai karyayyen ƙarfe. Malama ta riga ta kira ɗanta, ya zo yana duba agogo. Ta murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta kama kakkarwa har madubi na rawa, ta mutu.

Ɗan ya daina duba agogo.

Baba ya buɗe bonet, ko kallon kafireta bai yi ba. Ya ɓalle wani baƙin murfi da wayoyin fulogi ke fitowa daga kansa, ya kifa shi. Ciki duk raɓa, ga wata tsaga siririya kamar gashi.

"Ga ɓarawon. Danshi ke shiga ta nan, wuta ta ɓata hanya kafin ta isa fulogi. Rana na yi ya bushe, motar ta koma mutuniyar kirki. A ba ni busasshen tsumma."

Kafin a kawo, hannunsa ya ci karo da wata leda a soke bayan batir. Ya warware. Ƙyalle ne shuɗi mai furanni rawaya, ya sha baƙin mai, amma an ninke shi tsaf.

"To," in ji Baba, "mai motar nan ya san ciwonta."

Malama ta karɓa. Tsohon ɗankwalinta ne, wanda ta birkice gida tana nema shekaru da suka wuce, mijin na taya ta nema.

Sai ta tuna. Duk safiyar ruwa yakan fita kafin ya sha shayi, ya buɗe bonet, ya duƙa. Takan leƙo ta taga ta ce, "Mota kake gaisarwa kafin ni?" Shi dai murmushi. Ashe goge mata murfin yake don kada ta makara makaranta, kuma bai taɓa faɗa ba.

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ji mutumin nan. Har da taya ni nema."

Baba ya goge murfin da ƙyallen, ya mayar. Ta sake tayarwa. Injin ya zauna lumui.

Ɗan ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Umma, ki yafe mini. Gaskiya kika faɗa, ni ne ban saurara ba."

"Tashi, za ka ɓata wandon ofis," in ji ta, tana shafa kansa. "Kira mutumin Asabar, ka ce ya huta."

Irin murfin ya yi wuyar samu, sai bayan sati uku Baba ya samo sabo. Motar ta daina rawa gaba ɗaya. Amma har yau, duk safiyar da aka tashi da ruwa, Malama kan fita kafin ta sha shayi, ta buɗe bonet, ta zaro ƙyallen.

Darasi: In babba ya kawo maka kuka, ka tambaye shi yaushe da yaya kafin ka yanke cewa hankalinsa ne ya taɓu. Kuma ka lura da masu yi maka hidima a ɓoye tun suna raye. Ka tura wa wanda har yanzu yake da iyayen da zai saurara.