Yadda Gidan Pang Ya Rasa Salo Bakwai

An ce a wani zamani mai nisa, can cikin duwatsun kudancin ƙasar Sin, lokacin da damisa ta fi mutum yawa a wurin, an yi wani maharbi mai suna Pang Deshan. A tsakiyar kogi yake tare namun dawa idan sun zo tsallakawa, yana tsaye bisa dutse mai santsi. Daga wannan tsayuwa ya ƙago salon faɗa arba'in na hannu da ƙafa, irin abin da yau muke kira kunfu. Kirarinsa shi ne: Deshan, turken kogi, ruwa ya gan ka ya ratse.

A al'adar mutanensa kuwa, irin wannan sani gadon gida ne. Da ƙofa a rufe ake koyar da shi, kuma 'ya'ya maza kaɗai, domin wai mace za ta kai shi gidan miji. Deshan ya koya wa 'ya'yansa maza uku. Annoba ta zo a damina guda ta kwashe su duka, ta bar masa 'yarsa Shulan.

Tsohon nan akwai taurin kai, har yau in na tuna haushinsa nake ji. Ya rantse cewa da iliminsa za a binne shi.

Shulan ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka koya mini."

Ya ce, "Ke ta gidan wani ce, 'yar nan."

Ta ce, "To ba inda za ni. Mai so na ya tare a nan, 'ya'yana su ci sunanka."

Ya juya mata baya. Amma ta san darasin farko, don ta sha kai wa yayyenta abinci bakin kogi: tsayuwa bisa dutsen nan daga fitowar rana har ta take tsaka. Su shekara ɗaya suka yi. Ita ta yi uku, da sanyi da ambaliya, uban ko leƙe. Masu ba da labari sun ce sai da tafin ƙafarta ya lotsa dutsen.

A shekara ta huɗu ya sauko yana dogara sanda, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya sa sandar a kafaɗarta ya tura iya ƙarfinsa. Sandar ta karye, Shulan ko gezau. Tsoho ya zauna cikin ruwa ya yi kuka.

Daga ranar ya shiga koya mata, kullum yana haki. Sun kai salo na talatin da uku ajali ya cim masa. Sauran bakwai ɗin suka bi shi kabari, ba wanda ya sake ganinsu.

Shulan ba ta ƙago wasu ta cike gurbin ba. Ta yi aure a gidan ubanta, ta cire ƙyauren ɗakin koyo, ta koya wa 'ya'yanta mata da maza. Zuriyarta ce ta zama ƙauyen da ke bakin kogin.

An ce har gobe, idan 'yan gidan Pang suka fito fili da safe, salo talatin da uku suke yi. Daga nan sai su sauke hannu, su tsaya cik, su ja numfashi sau bakwai ba mai motsi. In yaro ya tambayi dalili, a ce masa nan ne wurin abin da kakansu ya makara bai koya wa 'yarsa ba.