Ciwon da Amawali Ya Rufe

A zamanin da, a wata ƙasa mai yalwar gero da malamai, an yi wani sarki mai suna Jatau. Wani ƙari ya fito masa a wuya, amawalin rawaninsa ya rufe shi. Sarki ya rame, tuwo ya daina wucewa sai kunu. Sai ya kafa doka: duk mai maganin da ya gwada bai dace ba, ya bar gari.

To, al'adar fadar nan ita ce sarki ba ya amsa tambaya da bakinsa, fadawa ke amsa masa. Mai magani zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ke ciwo?" Kafin ya rufe baki fadawa sun ɗauka, "Lafiya lau, Zaki! Ɗan sanyi ne!" Bawan Allah ya haɗa maganin sanyi, jibi a raka shi ƙofar gari.

Waziri Barmo, wanda tare suka yi ƙuruciya da sarki, abin ya hana shi sukuni. Yana kallon amininsa yana ƙarewa a tsakiyar masu cewa lafiya lau. Ya yi ta tunani har ya tuna cewa wuri ɗaya ne sarki ke tuɓe rawani, fadawa na waje: ɗakin aski. Ya aika a asirce aka komo da Malam Tanimu, ɗaya daga cikin korarrun, ya rataya masa zabirar wanzamai.

Da rawani ya sauka, Malam Tanimu ya dubi wuyan, ya taɓa a hankali, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun yaushe?"

Sarki ya waiwaya yana jiran a amsa, babu kowa sai Waziri, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Can sarki ya ce, "Tun kaka. Ba na barci. Faɗa mini gaskiya, ba za a kore ka ba."

"Ciwon daji ne, ranka ya daɗe. Raba ka da shi ya fi ƙarfina, wannan sai Allah. Amma zan iya rage zafin, ka yi barci, ka ci abinci. Me ka fi so ka samu ƙarfin yi?"

Hawaye suka zubo wa Waziri, bai ɓoye su ba.

"In zauna da 'ya'yana," in ji sarki, "in gaya musu da kaina."

Kashegari aka yi shela: korarru su komo gida, kuma daga yau ba mai amsa wa majinyaci tambaya, ko sarki ne shi ko bawa.

Ranar Juma'a fada ta cika. Malam Tanimu ya durƙusa ya ce, "Yaya jiki, ranka ya daɗe?" Fadawa suka ja numfashi za su ɗauka kamar yadda suka saba. Sarki ya ɗaga hannu, suka haɗiye.

"Da ciwo, Malam," in ji shi. "Amma jiya na yi barci."