Na'urar Lubabatu a Rudun Albasa

Akwai wani malamin jami'a, Dakta Attahiru, ɗan Illela, mai koyar da haɗa ƙananan na'urori masu jin zafi da laima. Ya san aikinsa, wannan ba musu. Matsalarsa ɗaya: ba ya sauraren uzuri.

Ɗalibarsa Lubabatu ta haɗa na'ura don aikinta na fita. Ta kafa ta cikin rudun kawunta, wato rumbun albasa, can bakin iyakar Nijar, wajen Illela. In zafi ya yi yawa, na'urar ta kunna fanka, ta tura saƙo wayar malam.

Fanka dai malam ba ya ganinta daga jami'a. Saƙo kuwa shiru kake ji.

A gaban aji ya tashe ta tsaye. "Ina saƙon?"

"Malam, wallahi tana aiki. Ka tai ka gani."

"In tai in ga mi? Ƙarya hure ta kai ba ta 'ya'ya. Ki shirya maimaita shekara."

Aji ya kwashe da dariya. Ta zauna tana share hawaye da gefen hijabi.

Ana gab da miƙa sakamako aka yi rasuwa a dangin malam, ya tafi Illela ta'aziyya. Gidan yana kusa da iyaka. Ya ɗauko waya zai kira iyalinsa, kira ya ƙi shiga. Yayansa Dabo ya leƙa wayar ya yi dariya.

"Kai Dakta, birni ya mantar da kai? Nan ai layin Nijar ka kama waya. Sai ka koma cikin gari."

Sai abin ya faɗo wa Dakta a rai. Shi da aka haifa a nan! Na'urar yarinyar ma ai layin waya ne a cikinta.

Bai tsaya cin abinci ba, ya hau acaɓa yana tambaya har ya gano rudun. Ga fanka tana juyawa, ga albasa garau, ba ruɓa ko ɗaya. Ya ciro layin ya sa a wayarsa, nan take ya kama Nijar. Ashe shi ya hana saƙo fita. Kunya ta rufe shi, ya daɗe tsaye cikin warin albasa.

Ya gyara sakamakon kafin a miƙa. Zai iya tsayawa nan, ba wanda zai sani. Amma ya shiga aji ya ce Lubabatu ta tashi. Ta miƙe.

"A gabanku na kira ta maƙaryaciya," in ji shi, "don haka a gabanku zan ba ta haƙuri. Lubabatu, ki yafe mini."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Darasi: Kafin ka ƙaryata na ƙasa da kai, taka ka je ka gani. In kuma ka ci mutuncin mutum a bainar jama'a, kada ka ba shi haƙuri a ɓoye. Ku tura wa malamai da iyaye su karanta.